Nawa Ne Kuɗin Ƙafar Soja? Tarihin Lissafin Diyyar Raunin Yaƙi a Amurka

A shekarar 2000 wani matashi mai suna Simon Soto ya shiga rundunar mayaƙan Amurka da ake kira Marine. Sau biyu aka tura shi Iraƙi, kuma aikin da ya faɗo a kansa shi ne wanda ba kowa ke son a ambata ba: nemo gawarwakin sojojin da aka kashe, da tattara abin da bam ya rage na jikinsu, a kintsa a mayar wa iyalansu. Ya dawo gida da hannuwansa da ƙafafunsa, amma abin da idonsa ya gani bai rabu da shi ba. A 2006 aka yi masa ritaya saboda rashin lafiya. Ciwonsa shi ne firgicin nan da ke bin mutum shekara da shekaru bayan ya ga tashin hankali.

A 2016 ya cike takardar neman wani kuɗi da ake biyan sojan da ya yi ritaya da naƙasar da ya samo a yaƙi, wanda ake taƙaita sunansa da CRSC. Hukuma ta amince ya cancanta. Sai dai ta ce ariyas ɗin shekara shida kacal za ta biya, abin da ya wuce haka ya bi ruwa, domin akwai wata tsohuwar doka da ta ƙayyade wa'adin bin gwamnati bashi. Soto ya garzaya kotu a madadin kansa da dubban sojoji irinsa. Ranar 12 ga Yuni, 2025, alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗu a kan magana ɗaya: wancan wa'adi na shekara shida bai shafi wannan kuɗi ba.

Kotun ta warware batun tun yaushe za a fara ƙirga bashin. Tambayar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta girmi kotun kanta: ta yaya ƙasa ke kallon ƙafar da aka yanke, ko barcin da ya ƙaurace wa mutum, ta ce kuɗinsa kaza ne a wata? Amurka ta yi kusan shekara 250 tana sauya amsa. Kowace amsa ta bar sawunta a cikin lissafin da ake yi yau, shi ya sa wanda bai san tarihin ba yakan kalli alƙaluman ya rasa gane kansu.

Rabin albashi

Tun kafin a kafa ƙasar, a 1636, Turawan da suka zauna a Plymouth sun yi doka cewa duk wanda aka tura yaƙi ya dawo a naƙashe, al'umma ce za ta ɗauki nauyinsa muddin ransa. Ba a yanke adadi ba, an dai ɗauki alkawari.

Adadi ya fara fitowa ne a lokacin yaƙin ƙwatar 'yanci daga Ingila. A watan Agustan 1776 majalisar 'yan gwagwarmaya ta yi alkawarin rabin albashi har mutuwa ga sojan da ya rasa gaɓa, ko ya naƙasa har ya kasa neman abincinsa. Majalisar ba ta da baitulmalin kirki, saboda haka ta bar wa jihohi su biya, jihohin kuma kowace ta yi yadda ta ga dama.

Da aka kafa gwamnatin tarayya sai wata matsala ta taso: wa zai duba mutum ya ce naƙasarsa ta kai kaza? Dokar 1792 ta ɗora wa alƙalan tarayya wannan aiki, su saurari tsohon soja, su auna rauninsa, su aika wa sakataren yaƙi, shi kuma yana da ikon ya karɓa ko ya yi watsi. Alƙalan suka ƙi. Hujjarsu ita ce ba zai yiwu jami'in gwamnati ya riƙa gyara hukuncin alƙali ba. Wannan taƙaddama, da aka sani da shari'ar Hayburn, tana cikin na farko-farko da suka shata iyaka tsakanin kotu da ɓangaren zartarwa a Amurka, kuma a kan fanshon naƙasasshen soja aka yi ta.

Jikin mutum kashi takwas

Yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 ne ya mayar da lamarin sana'a. Mutum sama da 600,000 sun mutu, an kuma yanke wa dubun dubatar sojoji hannu ko ƙafa, domin harsashin wancan zamani farfasa ƙashi yake yi, likita kuma ba shi da mafita sai zarto.

A watan Yulin 1862 majalisa ta yi dokar fansho ga sojojin tarayya. Kurtun da ya naƙasa gaba ɗaya zai karɓi dala 8 a wata, a lokacin da albashinsa yake dala 13. Mai muƙamin laftanar-kanar zuwa sama zai karɓi dala 30. Ma'aunin naƙasa shi ne aikin ƙarfi: shin mutumin nan zai iya noma, ko ɗaukar kaya, ko sara da sassaƙa? Wanda naƙasarsa ba ta cika ba, sai a raba dala takwas ɗin gida takwas a ba shi rabonsa. Yatsa ɗaya kashi biyu cikin takwas ne, wato dala 2. Babban yatsa, ko ido ɗaya, ko ƙaba, kashi huɗu cikin takwas, dala 4. Likitocin da gwamnati ta naɗa a garuruwa su ke duba mutum su rubuta kason.

Ba a jima ba aka ga dala takwas ba za ta riƙe wanda ya rasa idanu biyu ba. A 1864 aka fara yanka wa manyan raunuka farashinsu na daban: dala 25 ga wanda ya rasa hannaye biyu ko idanu biyu, dala 20 ga wanda ya rasa ƙafafu biyu. A 1866 aka sa dala 15 ga hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. Daga nan duk bayan 'yan shekaru sai an ƙara.

Abin da ke tura ƙarin shi ne ƙuri'a. 'Yan mazan jiya na ɓangaren tarayya sun kafa ƙungiya a 1866 mai suna Grand Army of the Republic, wadda ta zama ƙarfin da ɗan siyasa ba ya wasa da shi. A 1879 aka yi dokar biyan ariyas tun daga ranar da aka sallami soja, takardun nema suka yi ta kwarara. Shugaba Grover Cleveland ya hau kujerar naƙi a kan wani ƙudurin faɗaɗa fansho a 1887, ya kuma faɗi zaɓe a shekarar da ta biyo. Wanda ya gaje shi, Benjamin Harrison, ya sa hannu a dokar 1890, wadda ta ce duk wanda ya yi kwana 90 a soja aka sallame shi da mutunci, idan ya kasa aikin ƙarfi za a biya shi, ko da ciwon ba a yaƙi ya same shi ba. A 1904 Shugaba Theodore Roosevelt ya ƙara da umarnin cewa tsufa kansa naƙasa ne: ɗan shekara 62 a ɗauke shi rabin naƙasasshe, ɗan 70 kuwa cikakke.

Zuwa 1893 masu karɓar fansho sun doshi miliyan ɗaya, kuɗin kuma yana lashe sama da kashi 40 cikin 100 na abin da gwamnatin tarayya ke samu. Katafaren ginin jan bulo da aka yi a birnin Washington don ma'aikatan fansho yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi.

Wannan yalwa ba ta kai ga kowa daidai ba. Sojojin kudu da suka sha kaye ba su da rabo a fanshon tarayya, sai ɗan abin da jihohinsu suka iya. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 da suka yi yaƙi a rundunar ƙasa ta tarayya, a rubuce doka ba ta bambanta su da kowa ba. Amma da yawansu bayi ne kafin yaƙin: ba takardar haihuwa, ba takardar aure, wani ma sunan da ya shiga soja da shi daban, wanda ya ɗauka bayan ya sami 'yanci daban. Dokar da ke neman shaida a rubuce ta fi wahalar da wanda aka hana shi karatu.

Dokar 1891: ba a cin tudu biyu

A cikin wannan yanayi na kukan kashe kuɗi ne aka yi wata 'yar gajeriyar doka da ta zama tushen rigimar yau. Kafin lokacin an riga an kafa tsarin ritaya ga sojojin da suka mayar da soja sana'a, hafsoshi tun 1861, ƙananan sojoji kuma tun 1885. 'Yan majalisa suka lura akwai masu karɓar kuɗin ritaya, suna kuma karɓar fanshon naƙasa. A ganinsu wannan cin tudu biyu ne. A 1891 suka haramta haɗa biyun.

A 1944 aka sassauta ta zuwa siffar da ta daɗe a kai: sojan da ya yi ritaya zai iya karɓar diyyar naƙasa, amma duk dalar da ya karɓa sai an zabtare dala ɗaya daga kuɗin ritayarsa. Ribarsa kawai ita ce diyyar ba a cire mata haraji. Ma'ana, sojan da ya yi shekara ashirin ya fita lafiya, da wanda ya yi shekara ashirin ya fita da ƙafa ɗaya, abin da ke shiga aljihunsu kusan ɗaya ne. Shi mai raunin da kuɗin ritayarsa yake biyan kansa diyya.

1917: daga gaɓa zuwa abin da mutum ke samu

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu tsara manufofi sun ƙudurta ba za su maimaita fanshon yaƙin basasa ba, wanda suke kallo a matsayin ɓarna da sayen ƙuri'a. Dokar Oktoban 1917 ta ajiye kalmar fansho, ta ɗauko kalmar diyya daga dokokin biyan ma'aikatan masana'antu da injin ya ji wa rauni. Ta kuma sauya ma'auni. Yanzu abin da ake aunawa shi ne matsakaicin raguwar abin da mutum zai iya samu a aikin farar hula saboda irin wannan rauni. Muƙami ya daina tasiri: ƙafar kurtu da ta kanar farashinsu ɗaya.

Kalmar da ta fi nauyi a nan ita ce matsakaici. Ba a tambayar nawa wannan mutumin ya yi asara. Ana tambayar nawa masu irin rauninsa kan yi asara a jimlace. Jadawalin 1925 ya gwada kauce wa wannan, ya riƙa la'akari da sana'ar mutum kafin ya shiga soja, tunda yatsan tela da na mai gadi ba ɗaya ba ne wajen neman abinci. Abin bai yi tsawon rai ba. Sojoji da yawa samari ne da suka tafi yaƙi kafin su kama wata sana'a. A 1933, lokacin karayar tattalin arziki, aka koma kan matsakaici. A 1945 aka fitar da sabon jadawali, kuma shi ne ƙashin bayan wanda ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ke amfani da shi har yanzu, duk da kwaskwarimar da aka sha yi masa.

Jadawalin ya ba kowace larura kaso, daga sifili zuwa 100, goma-goma. Ƙafar da aka yanke ƙasa da gwiwa kashi 40 ce. Hannun da mutum ya fi amfani da shi 70, ɗayan kuma 60. Ƙugin kunne da ba ya yankewa 10. Larurar ƙwaƙwalwa tana iya zama 10, 30, 50, 70 ko 100, gwargwadon yadda ta hana mutum aiki da hulɗa da jama'a. Ciwon firgici irin na Soto bai ma sami suna a kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ba sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam.

Lissafin ragowar mutum

Soja ba kasafai yake dawowa da rauni ɗaya ba. Bam ɗaya yakan ɗauke ƙafa, ya lalata kunne, ya bar firgici. To yaya ake haɗa su?

Wanda ya yi karatun littattafan fiƙihu a zaure ya san sanya wa gaɓa farashi ba baƙon abu ba ne. Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ce, hannu ɗaya rabinta, yatsa raƙumi 10, haƙori 5. A can tarawa ake yi: Imam Malik ya tafi a kan cewa wanda aka raba da hannayensa biyu da ƙafafunsa biyu da idanunsa biyu, diyya uku cikakku ce haƙƙinsa. Dalili kuwa a fili yake, gaɓar ake biya, kuma wanda ya yi ɓarnar ko danginsa su ke biya.

Tsarin Amurka ba gaɓa yake biya ba, ƙarfin neman abinci yake biya, kuma mutum ba zai rasa fiye da kashi 100 na ƙarfinsa ba. Saboda haka ba a tarawa. Ana farawa da rauni mafi girma a cire shi daga 100. Rauni na biyu a cire shi daga abin da ya rage, na uku daga ragowar ragowar. Mai rauni biyu, 50 da 50, bai zama 100 ba. Na farko ya bar masa 50, na biyu ya cinye rabin wannan, saura 25. Naƙasarsa 75 ke nan, sai a kai ta goma mafi kusa, ta zama 80. Mai 60 da 30 yana tashi da 72, a mayar da shi 70. Idan raunukan sun shafi hannaye biyu ko ƙafafu biyu akwai ɗan ƙari da ake yi.

Wannan lissafi yana da tsani mai wuyar hawa a ƙarshensa. A farashin 2024, sojan da ba shi da iyali yana karɓar kimanin dala 171 a wata idan kasonsa 10 ne, dala 1,075 idan 50 ne, dala 2,242 idan 90 ne, sannan dala 3,738 idan 100 ne. Tsakanin 90 da 100 akwai tazarar kusan dala 1,500. Amma wanda ke kan 90 daidai, kafin ya kai 95 ɗin da za a mayar 100, sai ya zo da wata sabuwar larura mai kashi 50 cur, domin daga goman da ta rage masa ake cirewa.

Facin 2003

'Yan mazan jiya sun yi shekaru suna kiran zabtarewar nan ta 1891 da 1944 da sunan harajin naƙasassu. Hujjarsu mai sauƙi ce. Kuɗin ritaya ladan shekarun aiki ne, diyya kuma ta rauni ce, abu biyu ne daban. Suka kuma nuna cewa sojan da ya bar soja da wuri ya kama aikin gwamnati na farar hula yana haɗa fanshonsa da diyyarsa ba a taɓa masa ko sisi, sai wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a cikin kaki ne ake yanke wa. Ɗan majalisa Michael Bilirakis na jihar Florida ya daɗe yana gabatar da ƙudurin soke dokar.

A 2002 majalisa ta kusa sokewa, gwamnatin George W. Bush ta ce kuɗin ya yi yawa, ta yi barazanar hawa kujerar naƙi. Sai aka yi sulhu. Ba a taɓa tsohuwar dokar ba, za a ci gaba da zabtarewa. Amma aka ƙirƙiro wani sabon kuɗi, CRSC, da zai mayar wa soja abin da aka zabtare, in dai naƙasar ta yaƙi ce. Ya fara aiki a watan Yunin 2003, da farko ga waɗanda suka cika shekara 20 kawai, kuma da sharuɗɗa masu tsauri. A 2004 aka sassauta sharuɗɗan, aka kuma ƙara wani tsari na biyu, CRDP, wanda ke mayar da kuɗin ritaya ga duk wanda ya cika shekara 20 kuma naƙasarsa ta kai 50, ko ta yaƙi ce ko ba ta yaƙi ba. Shi wannan an shigo da shi sannu a hankali har zuwa 2014. Ba a haɗa biyun, sai soja ya zaɓi ɗaya. A 2008, yaƙin Iraƙi da Afganistan na kan ganiyarsu, aka buɗe ƙofar CRSC ga waɗanda rauni ya fitar da su kafin shekara 20.

Duk wanda ya taɓa gadon tsohuwar manhajar kwamfuta, irin aikin da nake yi kullum, ya san wannan salo. Ana tsoron taɓa tushe kada gini ya rushe, sai a yi faci a sama, gobe a yi wa facin faci.

Sabon kuɗin ya zo da sabuwar tambaya: mene ne raunin yaƙi? Doka ta lissafa hanyoyi biyar. Raunin da ya sa aka ba soja lambar Purple Heart, wadda ake ba wanda abokan gaba suka raunata. Raunin da ya faru kai tsaye a fafatawa. Wanda ya faru a aiki mai haɗari, kamar dirowa da lema ko kwance bam. Wanda ya faru a atisayen da ke kwaikwayon yaƙi. Da wanda kayan yaƙi suka haddasa, kamar tankar yaƙi, ko gubar Agent Orange da aka fesa a dazukan Biyetnam. Kasancewa a ƙasar da ake yaƙi kaɗai bai isa ba. Sojan da ya gurɗe a wasan ƙwallo a sansanin Bagadaza, VA za ta biya shi diyya, amma ba shi da CRSC a kan wannan gwiwa. Kuma ba VA ke yanke wannan hukunci ba, rundunar da sojan ya yi wa aiki ce, bisa takardun da ya iya kawowa. Wanda aka ɗinke a fagen daga ba a rubuta ba, ya koma irin halin da tsofaffin bayin nan suka shiga.

Sojoji biyu, bam ɗaya

Bari mu ƙaddara sojoji biyu a mota ɗaya, nakiyar gefen hanya ta tashi da su. Misali ne kawai, kuma don sauƙi mu ajiye ƙarin da ake yi wa mai iyali da wanda aka yanke wa gaɓa. Kowannensu ya rasa ƙafa ƙasa da gwiwa, 40. Kowanne yana da firgici, 50, da ƙugin kunne, 10. Kowanne kuma yana da tsohon ciwon baya da bai shafi yaƙi ba, 20. Mu ce matsakaicin albashinsu na shekaru uku mafi tsoka, wanda da shi ake lissafin ritaya, ɗaya ne: dala 3,600. Bambancinsu guda: na farko ya yi shekara 20 a soja, na biyu shekara 8.

VA za ta haɗa raunuka huɗun: 50 da 40 sun ba da 70, a ƙara 20 ya zama 76, a ƙara 10 ya zama 78, a kai shi 80. Kuɗin 80 a 2024 dala 1,995 ne. Don CRSC kuma sai a sake lissafi ban da ciwon bayan: 50, 40 da 10 sun ba da 73, wato 70, kuɗinsa dala 1,716.

Na farko ya yi ritaya ta cikar shekaru. A tsohon tsari kowace shekara tana ba da kashi biyu da rabi cikin 100, shekara 20 rabin albashi ke nan, dala 1,800. Diyyar VA ta fi wannan yawa, saboda haka an zabtare kuɗin ritayar duka. CRSC zai mayar masa da 1,716. Jimillar abin da zai karɓa a wata dala 3,711, babu haraji. Idan CRDP ya zaɓa, zai karɓi 1,800 da 1,995, wato 3,795, amma a cire haraji daga kason ritayar.

Na biyu rauni ne ya fitar da shi. Rundunarsa ta auna raunukan da suka hana shi ci gaba da aiki, ƙafar da firgicin, ta ba shi 70. Kuɗin ritayarsa kashi 70 na 3,600, wato 2,520. A zabtare 1,995 na VA, saura 525. CRDP ba nasa ba ne, bai cika shekara 20 ba. CRSC ɗinsa kuma yana da rufi: idan aka haɗa shi da ragowar kuɗin ritaya, kada su wuce abin da shekarunsa kaɗai suka samar masa. Shekara 8 sau biyu da rabi kashi 20 ne, dala 720. A cire 525 ɗin da ke hannunsa, saura 195. Wannan shi ne CRSC ɗinsa. Jimilla dala 2,715.

Bam ɗaya, rauni ɗaya, albashi ɗaya, amma kuɗin da aka raɗa wa sunan raunin yaƙi ya ba ɗaya 1,716, ya ba ɗayan 195. Wanda bai san tarihi ba zai ce kuskuren lissafi ne. Ba kuskure ba ne. CRSC bai taɓa zama kuɗin ƙafa ba, mayar da ladan shekarun aiki ne da dokar 1891 ta riƙe. Wanda shekarunsa kaɗan ne, abin da za a mayar masa kaɗan ne. Masu kare tsarin suna da hujjarsu: kashi 70 ɗin da runduna ta ba na biyu shi ma diyyar naƙasa ce, idan aka bar masa shi duka tare da na VA an biya rauni ɗaya sau biyu. Masu suka kuma suna cewa ai ba shi ya zaɓi tsayawa a shekara takwas ba.

Manjo Richard Star

Richard Star injiniyan soja ne da ya yi aiki a Iraƙi da Afganistan. Ya kamu da sankarar huhu, wadda ake dangantawa da hayaƙin ramukan ƙona shara na sansanonin soja, aka yi masa ritaya kafin ya cika shekara 20. Da ya ga yadda lissafin ya faɗo a kansa, ya ƙarar da sauran kwanakinsa yana bin 'yan majalisa a kan a gyara. Ya rasu a watan Fabrairun 2021.

A 2022 majalisa ta yi dokar PACT, wadda ta sa VA ta riƙa ɗaukar cututtuka da dama, har da sankarar huhu, a matsayin waɗanda hayaƙin nan ya haddasa, ba sai soja ya kawo hujja ba. Ƙudurin da ke ɗauke da sunan Star kuwa, wanda zai bar sojoji kimanin 50,000 da raunin yaƙi ya yanke wa aiki su haɗa kuɗin ritaya da diyya, ya sami sa hannun mafi yawan 'yan majalisun biyu, amma wa'adin majalisar ya ƙare a farkon 2025 bai zama doka ba. Aka sake gabatar da shi a sabon zama. Abin da ke tare shi shi ne abin da ya tare na 2002, kuma shi ne ya haifi dokar 1891: nawa zai ci, kuma daga ina za a ciro kuɗin.

Hukuncin da Soto ya samu ya buɗe wa dubban sojoji hanyar karɓar ariyas ɗin da aka hana su. Bai taɓa rufin nan ba. Soto kansa kusan shekara shida ya yi a soja, kuma da waɗannan shekarun ake auna iyakar abin da zai iya karɓa, komai nauyin abin da ya ɗauko daga Iraƙi.